Murfin Randa

A gidanmu na Kware akwai wani murfin randa,
ba faifai ba ne, ba ƙwarya ba,
farin ƙarfe ne marar nauyi
mai hudojin ƙusa a jere a gefe
da rabin tauraron da fenti ya kusa saki.

Kakana Arzika maƙeri shi ya yanko shi.
Ya ce shekarar da anka kwashi samari zuwa Bama ce,
shinkafa ta yi ciki a fadama,
sai sunka ji rugugi babu hadari.
Jirgi ya taho yana jan hayaƙi kamar wutsiya,
farfela ɗaya ta mutu, ɗaya tana tari,
ya aske kan giginya, ya kwanta bisa ciki
a gonar Nomau, ya yi huɗa guda
wadda garma goma ba ta yi a wuni.

Mutum shida sunka fito.
A'a, biyar, in ji shi,
na shidan fito da shi anka yi.

Amurkawa ne, daga baya anka ji.
Ran nan dai yara ne jajaye
masu laka har gwiwa, masu rawar hannu.
Sunansu ya ƙi zama a harshen kowa,
sai anka raɗa musu: Dogo, Mai Taba, Ɗan Auta,
sauran biyun kaka ya manta.

Tumba, wadda anka ɗauke wa Labbo da rani,
ta dama fura, ta shafa wa Ɗan Auta man shanu a ƙuna.
Anka ce, Tumba, ba su jin Hausa.
Ta ce, yunwa tana ji.
Wata ƙila can ma akwai wata tsohuwa.

Sunka gina rami gindin tsamiya.
Dogo ya karanta wani abu, murya ta ƙi,
mutanen gari sunka tsaya nesa, huluna a kai, baki shiru.
Kwana uku, mota ta zo daga Sakkwato.
Mai Taba ya bar wa kaka ƙyastunsa, sunka tafi.

A hancin jirgin akwai zane a jere,
ƙanana, masu ciki da wutsiya, goma sha tara.
Kaka ya ɗauka kifi ne,
ya ce ashe masunta ne a ƙasarsu.
Sai da wani soja ya dawo da ƙafa ɗaya
ya ce masa, Arzika, ba kifi ba ne.
Kowane ɗaya dare ne,
kowane dare gari ne.

Daga ranar kaka bai ƙara ƙirga su ba.
Ya sa kurfi ya raba fiffiken:
ludayi, faranti, ƙofar akurki, bakin rumbu.
Labbo bai dawo ba.
Tsamiyar ma ambaliya ta ci ta.

Ni kuwa kullum da asuba nakan ɗaga murfin,
sanyinsa ya kama mini yatsu.
Ban san garuruwan da inuwarsa ta bi ta kansu ba,
ban san ko Ɗan Auta ya ga furfura ba.
Nakan ɗebi ruwa, in sha,
in mayar da rabin tauraron a hankali
don kada ƙwaro ya faɗa.