Inda Za a Ɗaure Kafaɗa

Shekara hamsin ba kaɗan motar nan ta yi,
koriya, mai warin ciyawa da tsohon mai.
Duk bazara ni da Lorna mukan kwance noti goma sha huɗu,
mu ɗaga rufinta kamar murfin tukunya,
mu jingine shi bayan rumbu,
sararin Montana ya zama hularmu har sanyi ya dawo.

Lorna ta riga ni.
Rufin ya fi ƙarfin mutum ɗaya yanzu.

Jikata Tove, shekara goma sha ɗaya, gwiwa duk ƙujewa,
ta ce, Kaka, kai ni kogi a koriyar.
Uwarta ta leƙa ciki,
ta ɗago bel ɗin ƙugu da yatsa biyu
kamar wadda ta tsinci mushen ɓera.
Ta ce, Baba, wannan ciki kawai yake riƙewa.
Ba ta ƙara ba. Haɓata ta duba,
inda sitiyari ya bar min sa hannunsa
daren da barewa ta tsallako titi ba sallama.

Na ce to, a sa na kafaɗa.
Faɗa ba wuya.
A ina za a ɗaure shi?
Motocin yanzu suna da ginshiƙi bayan ƙofa.
Tawa, in an cire rufi,
babu komai sama da kafaɗarka sai iska da shaho.
Rufin kuwa, ko yana nan, gwangwani ne mai fenti;
ka ɗaura masa rai, tare za su tashi.

Sai na kira Renata Kolstad mai walda,
wadda ba ta gaisuwa sai ta gama aune-aune.
Ta zo da bututun ƙarfe mai kaurin damtsena,
ta lanƙwasa shi kamar bakin ƙofa,
ta ce ba a dasa itace a kan ruɓa,
ɗaga tabarmar mu ga ƙasan.

Muka ɗaga.
Tsatsa ta ci ƙarfen har ina hango tsakuwa.
A gefen ramin, cikin ƙura da ƙwayar alkama,
ga ɗan kunnen Lorna guda,
wanda muka nema har a bakin kogi
wata bazarar da na manta lissafinta.
Renata ta juya baya, ta daɗe tana gyara wayar injinta.

Kwana uku muka yi.
Yanke ruɓa, sabon faranti sama, wani ƙasa,
kusoshi masu tauri har cikin ƙashin motar.
Ni a kwance ƙarƙashi da sifana,
tsatsa na zubo min a ido,
ita a sama tana cewa ƙara, ƙara, bai ji ba.

Ranar awo muka zaunar da Tove a kan ɗan matashinta.
Kada ya shafi wuya, in ji Renata,
kada kuma ya zame ta hannu.
Tsakiyar kafaɗa, ya ratsa ƙirji ya sauka ƙugu.
Ta ɗiga alli a jikin bututun.
Na ce ɗiga wani a sama kaɗan.
Ta ce na wa?
Na ce yarinya ba ta tsayawa inda aka auna ta.

Asabar rana ta fito.
Uwar ta fizgi bel ɗin da ƙarfinta duka,
ya cije, ya ƙi sakin ko inci.
Ta fizga kuma. Sannan ta buɗe wa 'yarta ƙofa.

Ƙas, na Tove.
Ƙas, nawa, a kan kafaɗar da ta shekara hamsin ba mai riƙe ta
sai hannun da ke miƙowa daga kujerar dama
duk lokacin da na taka birki da ƙarfi.

Muka gangara. Iska ta kwashe hular yarinyar,
ta waiga tana dariya,
bel ɗin ya bi ta a hankali, ya dawo da ita.
Ɗan kunnen yana aljihun rigata,
daidai inda ɗamarar ta ratsa.