Idan Arba'in da Bakwai

A Gdańsk, bene na huɗu, taga na kallon tashar jiragen ruwa,
Halszka ta gaji aikin Mieczysław.
Shi ya yi ritaya, yana can bayan gari da ƙudan zumarsa,
ya bar mata layi dubu a dunƙule,
manhajar da ke faɗa wa kowace kwantena inda za ta kwana.

Ta ɗora ma'auni, ya ƙirga mararraba:
idan jirgi ya makara,
idan kayan na sanyi ne,
idan Lahadi ce, idan, idan...
Arba'in da bakwai. Allo ya yi jawur.
Goma ƙa'ida ta yarda.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.
Ta zauna kamar mai tsefe kai,
sili-sili, ba fizga.
Abin da ya kira "x2"
ta raɗa masa suna: nauyin da ya rage.
Ta yanka, ta gwada, kore.
Ta sake yanka. Shayi ya huce sau uku.

Saura guda a ƙasa, ba bayani:
idan sanyi ya kai kaza, injin ɗaga kaya na uku ya tsaya.
Ta buga masa waya.
Shiru, sai kukan zuma.
"Igiyarsa ta taɓa tsinkewa," ya ce,
"Bogumił na ƙarƙashi. Taku biyu ya rage."

Ma'auni ya ce sha ɗaya.
Ta bar shi sha ɗaya.
Ta rubuta sunan Bogumił a saman layin,
ta kashe fitila.