Kibiya Mai Kai Biyu

An ɗauke wuta a Gwammaja tun la'asar.
Na jingina waya da gwangwanin madara,
haskenta ya faɗa kan littafi.
Goggo Tabawa na gefen tabarma
tana farfasa kanwa da taɓarya,
tana ƙullawa a leda, ta hamsin, ta ɗari.

Aikin gida: a zana kabonet.
Malama Rumasa'u ta ce ƙirge ne farko,
kamar ɗan tireda kafin ya buɗe shago.
Kabon ya zo da ɗigo huɗu.
Oksijin uku, kowa da shida a aljihu.
Sai wasu biyu, baƙi,
ba a san garinsu ba amma da su ake lissafi.
Ashirin da huɗu.

Na sa kabon a tsakiya, na ja igiya uku,
na raba sauran bibbiyu
har kowane oksijin ya cika takwas.
Kabon ya tsaya a shida, yana kallona
kamar wanda aka manta da shi wajen rabon tuwo.
Dole wani ya ara masa.
Wa?

Na ba na dama igiya biyu. Ya yi.
Na goge, na ba na hagu. Ya yi.
Na ba na sama, shi ma ya yi,
har takardar ta ɓule don guga.

Na ce, Goggo, ashe adashi suke,
yau wannan ya kwasa, gobe wancan.
Haka na faɗa a aji shekaranjiya,
Malama ta girgiza kai:
babu layi, babu jiran wata,
zane uku ne don fensir ɗinmu gajere ne,
abin kansa ɗaya ne, bai taɓa sauya riga ba.

Goggo ba ta ɗago ba.
Ta nuna murhu da haɓa.
Ta ce, a cikin duwatsun can uku
wanne ne yake ɗauke da tukunya?

Na yi shiru.
Adaidaita ta wuce a waje tana tari.

Na tuna Baba, da ban riske shi ba.
Inna ta ce mai haƙuri ne.
Kawu Ɗanjuma ya ce wuta ne.
Abokinsa na Kwari ya ce kullum dariya.
Na daɗe ina neman wanda ya yi min ƙarya.

Na jera zanen ukun a layi ɗaya,
kowanne a cikin bakansa, da cajinsa a kusurwa,
na sa kibiya mai kai biyu a tsakani.

Goggo ta miƙo min ɗan gutsuren kanwa.
Malama ta ce yana cikinta,
wannan da na kwana ina bi da fensir.
Na ɗora a harshe.
Ɗaci, da ɗan gishiri-gishiri.
Ɗanɗano ɗaya.

Batir ya ce saura kashi huɗu,
ga naitiret can yana jira a lamba ta biyu.