Keken Onofre

Ranar Talata kwalin ya iso garinmu Serro,
ya ƙetaro teku, kusurwarsa ɗaya ta lotse.
Babana Onofre ya farke shi da wuƙar yanka cuku,
ya zazzage kayan cikin a teburin cin abinci:
inji kamar kan ɗan maraƙi,
baƙin tanki mai siffar gwanda,
sarƙa a naɗe cikin takarda mai maiƙo,
da notina a leda, wai tara ne.
Muka ƙirga takwas.

Takardar bayani kuwa, mu kalle ta, ta kalle mu.
Ba harshenmu ba ne, hotunan sun dushe.
Ya ce, "Ivonete, ɗora mata butar gahawa,
ƙarfe da bakinsa zai faɗi inda yake so."

Shekara talatin da ɗaya yana hawa tudun nan
da curin cuku goma sha biyu a akwatin baya,
duwatsun titi suna kaɗa masa haƙora.
Bara gwiwa ta ce ta gaji.
Likita ya ce a huta.
Hutu ba ya auno wake.

Dare huɗu muka raba a rumfar bayan gida,
ni da riƙon tocila, shi da zagin sufana.
Farantin haƙora ya ƙi zama a tayar baya,
a ɗaure nan, ya karkace can.
Sai ya riƙa juya tayar sannu, ya kasa kunne
kamar mai sauraron numfashin jariri.
Sarƙa ta yi tsawo, muka rage mata gaɓa uku
da ƙusa, da guduma, da jinin babban yatsansa.
Notin da ya ɓace, a ƙafar gadon Mama muka aro.
Ba ta sani ba har yau,
gadon ne dai kullum ke neman tona mana asiri.

Asabar da hantsi ya auna baƙin mai da kwalbar magani,
ya girgiza shi da fetur, ya ɗura.
Maƙwabta suka fito bakin ƙofa da kofunansu.
Ashe abin ba shi da makulli:
sai ka taka feda, ka ɗau gudu, kana ka saki kuloci.
Ya taka sau uku. Ya tsaya.
Ya dubi gwiwar nan da muka yi wa duk wannan wahala,
bai ce uffan ba.

Na tuɓe takalmina. Na kama sirdin ta baya.
Na ce, "Hau."

Turi na farko, shiru.
Na biyu, tari ɗaya, shiru.
Sai ga Cleiton, ɗan shekara tara, yana lasar rake:
"Tsoho, wannan ɗan famfon na ƙarƙashin tanki,
da gangan ka rufe shi?"
Titi ya ɗauki dariya, har da Baba, daga baya.

Na uku. Tafin ƙafata na cin dutse.
A nan ne, daidai nan, ina 'yar shekara shida,
ya bi ni da gudu yana rantsuwa bai saki ba,
alhali hannunsa na aljihu.
Injin ya yi tari, ya yi atishawa,
ya ce ta-ta-ta-ta, ya watso min shuɗin hayaƙi.
Sirdin ya suɓuce.
Ya haye tudun, hularsa ta faɗo, bai waiwayo ba.
Na ɗaga murya, "Ban saki ba!"
da hannuwana biyu a sama.

Yanzu kullum asuba ni ce makullin.
Taku ashirin, wani lokaci talatin in an yi sanyi.
Salansa ta ƙona masa wando biyu.
Mama ta ce cukunmu na warin fetur,
amma ba ya kwana.