Ɗan Roba

A firamaren Ƙofar Doka
Ɗan Roba suke kirana.
In lanƙwasa babban yatsa ya sumbaci tsintsiyar hannu,
in karya gwiwa baya kamar ƙafar fara,
yara su kewaye ni, su tafa.
Ilu ya biya ni da rabin ƙuli-ƙuli,
wani da guntun alli.
Ashe bashi nake ci,
jiki yana gefe yana rubutawa.

Shekara talatin da ɗaya,
mai bashi ya iso.
Bai yi sallama ba, ya shimfiɗa buzu a ƙuguna.

Kafin ladan ya gyara murya
nakan kwanta ina kiran suna kamar malamin aji.
Kafaɗa? Tana nan, amma ta zame da dare.
Gwiwa? Ta amsa da ƙas.
Idon sawu? Bai yanke shawara ba tukuna.
Sai in tattara kaina gaɓa-gaɓa
kamar mai tsince carbin da zarensa ya tsinke
a ɗaki mai duhu.

A masallacin unguwa kujerata farar roba ce,
tsakanin bango da ta Alhaji Tukur
mai shekara tamanin.
Na ji wani yana raɗa:
wannan kuma me ya tsofar da shi?
Goshina yana kewar ƙasa.
Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba.

Sana'ata allura.
Aska takwas a ƙirjin shadda,
aikin da mahaifina kan gama kafin wata ya mutu,
ni sai damina ta shigo, ta yi sallama.
In na tura allura yatsa ya lotsa baya
kamar ɗanyen kara.
Na naɗe su da tsumma, ɗaya bayan ɗaya.
Mai riga ya ce yaushe?
Na ce Juma'a.
Ban ce wacce ba.

Na je Shika.
Daga Kwangila zuwa ƙofar asibiti
babu ramin da ƙashin bayana bai gaisa da shi ba.
Aka ɗaga hoton ga fitila.
Likita ta ce ƙashi lafiya lau,
igiyoyin da ke ɗaure shi ne suka cika tsawo,
haka ka zo da su.
Mai ɗori na Tudun Jukun ya lalluba, ya lalluba,
ya ce ba karaya, ba targaɗe, me zan ɗora?
Ya tofa, ya mayar mini da kuɗina.
Gwaggo Tasalla ta ce sanyi ne, ta aiko da man kaɗanya.
Wani ya ce sammu.
Wani ya ce lalaci, bai ma rage murya ba.
Ciwon da ba ya jini
ba ya samun 'yan dubiya.

Zulai kaɗai ta iya karatun.
In ta ga na ɗauki kofin shayi da hannu biyu
sai ta ɗora ruwa a wuta,
ba tambaya.

Da yamma ina hango Kufena,
dutse guda, ba gaɓa ko ɗaya a jikinsa.
Nakan yi ƙyashinsa.
To amma shi bai taɓa sunkuyawa
ya ɗaura wa 'yarsa takalmi ba.

Jiya Saudatu ta rugo daga makaranta,
jaka na dukan bayanta.
Baba, kalli abin da na iya!
Ta lanƙwasa babban yatsa
har ya kwanta a tsintsiyar hannu.
Ta tsaya tana jiran tafi,
ga giɓin haƙori, ga ido ƙyar a kaina.

Wa ya koya miki?
Ba kowa.

Na sani.

Na kama ɗan hannun,
na miƙar da yatsan a hankali,
na rufe shi cikin tafina, na daɗe.
Ban tafa ba.
Na ce zo, idonki ya fi nawa,
zura mini zaren nan a allura.