Ambulan Zuwa Yamai

Ran Litinin takarda ta iso daga Yamai,
darakta ya miƙo min ita ta taga:
ana neman tambarin makon karatu,
kowace lakwal ta aiko da zane uku.
Sharaɗi ɗaya ne: ko an ƙanƙance shi kamar dala,
ido ya gane shi.

Ajina mutum saba'in da huɗu,
fensir mai launi goma sha ɗaya,
koren ma guntu ne, bai kai ƙaramin yatsa ba.
Na ce, ku zana min ƙasarku.
Suka zuba min ido,
don ban saba tambayarsu abin da babu a tablo ba.

Rabin aji suka kwafi tuta.
Ban hana ba.
Sahabi, mai gyangyaɗi lokacin lissafi,
ya zana jar akuyar gidansu
tsaye bisa taswira, tana taunar gefen Diffa.
Aji ya ɓarke da dariya, ni ma ban tsira ba,
amma kunnen akuyar nan,
wallahi kamar zai kori ƙuda.

Barira ba ta shiga layin launi ba.
Uwarta na suyar ƙuli-ƙuli a Mokoyo,
littattafanta duk da tabon mai.
Da shuɗin biki ta zana kwanson gyaɗa
a buɗe kamar littafi,
ƙwaya biyu a ciki, sun haɗa kai suna karatu.
Na ce, wa ya nuna miki?
Ta ce, Mushe, ni ke ɓarar ta kullum,
haka nake tarar da su.

Sai na tuna Mushe Gambo,
shekara talatin baya,
da bulalar da ta sauka a yatsuna
don na zana raƙumi a gefen kaye.
Tun ran nan hannuna bai ƙara lanƙwasa layi ba,
sai miƙaƙƙe, sai jan biki a ƙasan kuskure.

Ran Juma'a na kai ambulan tasha.
Gyaɗa na ciki, akuya na ciki,
da rijiyar Ɗanladi mai guga uku.
Na ce wa direba, don Allah kar a ɗora buhu a kai.

Wata biyu ke nan, Yamai shiru.
Ƙasa da faɗi,
wataƙila wani yaro a Gaya ko Agadas ya fi mu hannu.
Babu laifi.

Amma ka bi ta bayan lakwal ka ga bango,
gawayi ya ƙare a murhun unguwa.
Mai shayin ƙofarmu ya saya wa Sahabi fenti,
yanzu akwai buta mai tururi bisa allonsa.

Ni kuma daren jiya, bayan na gama gyaran kaye,
na juya wata tsohuwar takarda.
Raƙumin ya fito da ƙafa karkatacciya,
amma ya fito.