Saiwar da ke Aljihun Kohkom

A Saskatoon, inda kogi ke daskarewa wata biyar,
sai da muka cike takarda uku
kafin mai gadin jami'a ya kashe na'urar jin hayaƙi,
don kakata ta turara ciyawa mai ƙamshi
yadda take yi kowace safiya a gidanta
ba tare da iznin kowa ba.

Kohkom muke ce mata.
Philomene ne a takarda,
sunan da aka liƙa mata tana shekara shida,
ranar da mota ta kwashe yaran ƙauyensu
zuwa makarantar kwana ta coci.
Lambarta arba'in da bakwai, ɗinke a wuyan riga.
Aka datse mata kitso biyu, aka jefa a murhu.
Duk ranar da harshen Cree ya kuɓuce daga bakinta,
sabulu ne abincin darenta.

Yau ga ta gaban allo, 'yar mitsitsiya,
ɗaliban harhaɗa magunguna tamanin sun zuba mata ido.
Ni ce ta uku a layin gaba,
gabana sai faɗuwa yake.

Shugaban sashe ya karanta abin da suka saba karantawa:
wai ƙasar da ginin nan ke kai ta kakanninmu ce.
Kohkom ta gyaɗa kai.
"Na sani," ta ce. "Uwata ta tsinki 'ya'yan itace
daidai inda kuke ajiye motoci."
Aka yi dariya,
sai dariyar ta ji kunya, ta koma ta zauna.

Ta zura hannu a aljihu, ta fito da saiwa
busasshiya, mai gaɓa-gaɓa kamar yatsan tsoho.
"Wihkes. A bakin fadama take,
ana haƙo ta in ganye ya fara ja.
Kafin ka haƙa, ajiye taba a ƙasa,
ka ambaci sunan marar lafiyar.
In bakwai ka gani, ɗauki ɗaya."

Dokta Halvorsen, wanda ya kayar da ni jarrabawa bara,
ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya.
"Miligiram nawa?"
"Gwargwadon farcen mai tarin.
Sannan ka zauna kusa da shi har barci ya ɗauke shi.
Zaman ma cikin awon yake."
Na ga ya rubuta, ya soke,
ya sake rubutawa.

Daga ɗaya aljihun ta zaro ƙwayar ciwon sukari,
ta karkaɗa kwalbar.
"Wannan taku ce, safe da yamma nake sha.
Ba na gardama da abin da ke aiki."

Wani daga baya ya ce a nuna musu fadamar,
su ɗebo, su auna a ɗakin gwaji.
"A'a. Ba yau ba.
An taɓa zuwa, da hannu aka tambaya, ba da baki ba.
Ku zo da rani, ku sa takalmin roba,
sauro ya san sunayenku,
ku wanke min tukwane mako guda.
Sai mu gani."

A baranda, bayan tafi ya lafa,
ƙarƙashin wani babban allo
da aka rubuta SULHU da harsuna uku,
ta kama hannun rigata.
Yatsunta na rawa.
Rabonta da shiga aji, shekara sittin da ɗoriya.
"Tanis," ta ce da Cree, ƙasa-ƙasa,
kamar har yanzu akwai mai saurare bayan ƙofa,
"ban yi kuskure ba ko?"
Harshena na Cree gurgu ne.
Da shi na amsa, yana ɗingishi.

Mai gadi ya zo da tsani zai mayar da na'urarsa,
yana tari irin na tsakiyar sanyi.
Ta ɓallo masa gwargwadon farce.
Ya sa a baki, ya yamutsa fuska.
"Akwai ɗaci," ya ce.
"Akwai," ta ce. "Tauna dai."
Ta jawo kujera ta zauna kusa da tsanin.